Tsohon Wasa Da Sabuwar Riga

Makon nan sai ku ajiye allura da ludayi, ku matso kusa, zancen wasan kwaikwayo za mu yi. Kada wata ta ce ina ruwanta da wasa. 'Ya'yanmu ne ke yinsa a makaranta ran raba kyauta, mu ne ke ɗinka musu tufafin da za su sa, mu ne kuma ke zama a layin gaba muna tafi. Abin da yaro ya ga uwarsa tana yi wa dariya, shi ma sai ya ɗauka abin dariya ne har ya girma. Saboda haka ya kamata mu san abin da muke yi wa dariya.

Akwai wata al'ada da masu shirya wasa a ƙasashen Turai suka daɗe suna yi. Sai su ɗauko tsohon wasan ban dariya mai shekara ɗari uku ko huɗu, su tuɓe masa tufafin zamaninsa, su sa masa na wani zamani. Inda aka ce doki sai a kawo mota, inda aka ce takobi sai a kawo bindiga, attajiri ya bar alkyabba ya sa kwat. A Ingila wani mai gidan wasa, Barry Jackson, ya yi suna da wannan a 1925, sa'ad da ya nuna wasan Hamlet da tufafin zamaninsa. A 1928 kuma ya yi haka da wasan da za mu yi magana a kansa yau. Hausawa na cewa zamani riga. To, abin tambaya shi ne, in an sake wa wasa riga, an sake masa zamani ke nan?

LABARIN KATARINA

Wasan na Shekisfiya ne, shahararren marubucin nan na Ingila wanda ya rasu a 1616. Ya rubuta shi wajen shekarar 1592, aka buga shi cikin babban littafin wasanninsa a 1623. Turawa na kiransa The Taming of the Shrew, watau horon masifaffiyar mace. Ga labarin a taƙaice.

A birnin Fadua na ƙasar Italiya akwai wani attajiri, Baftista, da 'ya'yansa biyu mata. Ƙaramar, Biyanka, shiru-shiru ce, samari sai rububinta suke yi. Babbar, Katarina, bakinta ya fi aska kaifi, har hannu tana kaiwa. Ta ɗaure ƙanwarta ta mare ta, ta kuma fasa wa malamin kiɗa molo a ka. Uban ya ce ba mai auren ƙaramar sai babbar ta tafi ɗakinta. Ana nan sai ga wani baƙo daga birnin Barona, sunansa Fetirukiyo, ya zo neman mace mai dukiya, bai kuwa ɓoye wa kowa ba. A can uban yarinya ne ke ba ango kuɗi. Baftista ya yi masa alkawarin 20,000 na irin kuɗinsu mai suna kurawun, da rabin filayensa in ya mutu. Aka sa rana.

Ran ɗaurin aure ango ya yi latti, ya zo cikin tsumma bisa wani ramammen doki, ya mangare limamin coci, ya ɗauke amarya tun ba a taɓa abincin biki ba. Da suka isa gidansa sai horo ya soma. Aka kawo nama, ya ce ya ƙone, matarsa ta fi ƙarfin cin ƙonanne, ya watsar. Dare ya yi, ya ce shimfiɗa ba ta gyaru ba, ya hargitsa gadon, aka kwana a farke. Tela ya kawo riga, ta gani tana so, ya ce ɗinkin banza ne, ya kore shi. Har ya juyo ya gaya wa 'yan kallo dabararsa, cewa yadda ake horon shaho yake yi mata, da yunwa da rashin barci. Wata rana suna bisa hanya za su gidan ubanta, rana tsaka, ya dubi sama ya ce ga wata ya fito. Ta ce rana ce. Ya ce a juya a koma gida. Da ta ga haka sai ta ce to, wata ne, duk sunan da ya ba shi ta yarda.

A ƙarshe angwaye uku suka yi caca, kowa ya sa kurawun 100, a ga matar wa za ta zo in an kira ta. Biyu suka ƙi zuwa, Katarina ta zo. Ta tsaya ta yi wa matan nan biyu wa'azin biyayya, layi 44, jawabi mafi tsawo a wasan duka, har ta miƙa hannu za ta sa ƙarƙashin ƙafar mijinta. Uban don murna ya ƙara wa suruki wasu 20,000, wai an ba shi sabuwar 'ya.

ABIN DA YA SA AKA YI DARIYA

Na san wasunku sun riga sun ɓata rai. Ku dakata tukuna, mu duba mutanen da aka rubuta wasan dominsu.

Da fari, dokar ƙasarsu. A Ingila ta wancan lokaci, ran da mace ta yi aure dukiyarta ta shiga hannun miji, kuma sai a 1882 aka yi cikakkiyar dokar da ta bar wa matar aure abinta. Kotun raba aure sai a 1857 aka kafa ta. Kafin nan sai mai hali ƙwarai ke iya kai magana gaban Majalisa. Matar da aka yi wa shaidar yawan faɗa, akan sa mata linzamin ƙarfe a baki a zaga gari da ita, ko a ɗaure ta bisa kujera a tsoma ta cikin kogi. Har a 1809 an tsoma wata a garin Leominster. To, a irin wannan gari, mijin da bai ɗaga hannu ya bugi matarsa ba ai mai sauƙin hali ne. Fetirukiyo kuwa, duk da abin da ya yi, ba inda aka rubuta ya doke ta. Ita ce ma ta mare shi.

Na biyu, ba mace ko ɗaya a dandalin. Sai a 1660 mata suka soma fitowa a gidajen wasa na Landan. Katarina ta fari yaro ne aka ɗaura wa zane, kamar yadda 'yan matanmu kan sa riga da hula a wasan tashe su zama maigida. Kowa ya san yaro ne, in an tashi zai tuɓe ya tafi ya ci tuwonsa.

Na uku, wasan cikin wani wasa yake. A farkonsa wani mashayi mai gyaran kwanoni, Silai, ya bugu ya faɗi a bakin hanya. Wani basarake ya tsince shi, ya sa aka yi masa ado, aka ce masa ai shi babban mutum ne, aka kawo 'yan wasa su ɗebe masa kewa. Labarin Katarina shi ne abin da aka nuna wa mashayin nan. Masu shirya wasa da yawa sukan yanke wannan kashi, su bar labarin tsirara.

Duk da haka, ko a zamanin ba kowa ya haɗiye ba. Wajen 1611 wani marubuci, John Fletcher, ya rubuta martani. A nasa wasan Katarina ta mutu, Fetirukiyo ya sake aure, amaryar mai suna Mariya ta kulle ƙofa daren farko, ta ce ba ya shiga sai ya gyara halinsa. A 1633 an nuna wasannin biyu a fadar Sarki Charles na Ɗaya, mai kula da wasannin fada ya rubuta cewa na Shekisfiya an so shi, na Fletcher kuwa an so shi ƙwarai.

DA ZAMANI YA JUYA

A 1897 marubuci Bernard Shaw ya ce namiji mai mutunci ba zai iya zama kusa da mace ya kalli ƙarshen wasan nan bai ji kunya ba. A 1928 matan Ingila suka sami 'yancin jefa ƙuri'a daidai da maza. Shekara ɗaya bayan haka aka yi wasan a sinima a Amurka, Mary Pickford ta fito a Katarina, mijinta Douglas Fairbanks ya fito a Fetirukiyo. Ta karanta wa'azin biyayya sarai, amma tana cikin yi sai ta ƙifta wa Biyanka ido. Da ƙiftawa ɗaya ta rushe layi 44.

Kun ga matsalar ke nan. In ka sa wa Katarina tufafin yau, ka sa mata har da abin da ke cikin jakar matar yau: takardar shaidar makaranta, da albashi, da kuɗin mota, da kotun da za ta kai ƙara. Mai kallo zai ce, me ya hana ta tashi ta tafi? In ba ta tafi ba, to, ko tsoro ne ko an karya mata zuciya, ba kuwa mai hankalin da ke yi wa wannan dariya. Masu shirya wasa sun bi hanya huɗu don su fita daga wannan rami.

Ta fari ita ce a sa tufafin yau, a bar maganar yadda take, kowa ya gani da idonsa. Haka Michael Bogdanov ya yi a 1978 a Stratford, garin haihuwar Shekisfiya. Ɗan wasa Jonathan Pryce ya taso daga cikin 'yan kallo kamar mashayi, yana faɗa da ma'aikaciyar gidan wasa, ya hau dandali ya ragargaza kayan adon da aka jera. Wasu 'yan kallo sun zaci da gaske ne. Sa'an nan ya dawo a Fetirukiyo, bisa babur. A ƙarshe aka ga maza sun kewaye teburin caca suna busa taba suna shaye-shaye, ga mace tana wa'azin biyayya. Wasan ya yi ƙarfi, an daɗe ana zancensa, amma dariyar ta maƙale a wuya. Sabuwar riga ta tona abin da tsohuwa ta rufe.

Ta biyu ita ce a kai wasan wani zamani na dā wanda mutane suka fi sani. A 1990 a birnin New York an mai da shi yammacin Amurka na zamanin kaboyi, Morgan Freeman ya fito a miji, Tracey Ullman a mata. Dabarar a fili take. A ƙasar da kowa ke rataye da bindiga, alƙali kuwa yana da nisa, hauka irin ta mutanen nan biyu ba ta zama baƙuwa ba. Mai kallo ya sami mafaka, ya ce ai zamanin dā ne, ya yi dariyarsa. Sai dai yunwar da aka sa wa amarya tana nan, an dai sake wa tuwo suna.

Ta uku ita ce a ɗauki ƙashin labarin a sa masa sabon nama. A 1948 aka fito da wasan waƙe-waƙe mai suna Kiss Me, Kate, wanda Cole Porter ya yi wa waƙoƙi, aka nuna shi fiye da sau 1,000 a jere. A ciki, miji da mata da aurensu ya mutu su ne aka ba aikin fitowa a Fetirukiyo da Katarina, suna faɗa a dandali suna faɗa a bayan labule. Matar nan tana da sana'arta, tana da mai sonta, ta kuma fita ta bar gidan wasan. Da ta dawo, da ƙafarta ta dawo. A 1999 kuma aka yi sinima mai suna 10 Things I Hate About You, aka kai labarin makarantar sakandare a Amurka. Uban ya zama likita mai tsoron kada 'ya'yansa su lalace, ya ce ƙaramar ba ta fita zance sai babbar ta fita. Aka biya wani saurayi kuɗi ya nemi babbar. Ba yunwa, ba hana barci, ba wa'azi. Da asiri ya tonu, saurayin ne ya zo ba da haƙuri, yarinyar kuwa uban ya yarda ta tafi kwalejin da ta zaɓa. Masu wannan hanya sun gane cewa abin da bai tsufa ba a labarin shi ne mutum biyu masu taurin kai da suka gamu da daidai da su. Sauran suka zubar.

Ta huɗu ita ce a juya tabarmar. A 2019, a Stratford ɗin nan dai, an nuna wasan a wata ƙasa ta ƙage inda mata ke mulki. Mace ce ta zo neman miji mai dukiya, saurayi ne aka hana wa abinci, shi ne ya yi wa'azin biyayya. Wanda ya saba ganin abin a kan mace bai ji komai ba, sai ya gan shi a kan namiji. Wannan gwaji ne mai kyau, kowace uwa tana iya yinsa a zuci.

WANDA RIGAR TA ZAUNA MASA

Kada ku ce duk tsohon wasa haka yake. Wajen 1746 wani Ba'italiye, Carlo Goldoni, ya rubuta wasan bara mai iyayengiji biyu. Baran nan kullum cikinsa na kuka, sai ya kama aiki wurin mutum biyu a ɓoye don ya ci sau biyu. Ya haɗa wasiƙun wannan da na wancan, ya kai wa wannan kuɗin wancan, ran nan kuma su biyu suka nemi abinci lokaci ɗaya a masauki ɗaya, yana gudu tsakanin ɗaki biyu yana satar loma. A 2011 Richard Bean ya mai da labarin garin Brighton na Ingila, shekarar 1963, James Corden ya fito a baran. Mutane suka yi ta dariya a Landan, aka kai shi Amurka, can ma haka.

Ku lura da shekarar da aka zaɓa. A 1963 ba wayar hannu, saboda haka wasiƙa tana iya faɗawa hannun da ba nata ba, ƙarya kuma ta kwana ba ta tonu ba. Da an kai shi zamanin da kowa ke da waya a aljihu, da kira ɗaya ya kashe wasan. Ku kuma lura da yunwar. A wasannin biyu akwai mai jin yunwa. Amma shi bara dabara yake yi wa manyansa, mu kuwa muna bayansa muna so ya ci. Ita Katarina babba ne ya hana ta, ana so mu tsaya a bayan mai hanawa. Dariyar da ƙarami ke yi wa babba takan ƙetare zamani lafiya. Wadda ake yi wa na ƙasa takan rube a hanya.

IN DA A NAN NE

Wasannin Shekisfiya ba baƙi ba ne a Hausa. Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara ɗaya, Daren Sha Biyu, aka buga a 1971. To, a ce wata malamar makaranta ta ɗauko labarin Katarina, ta sa wa Baftista babbar riga da rawani, ta ɗaura wa Katarina atamfa, ta ce a Kano ko a Damagaram aka yi. Tun ba a je ko'ina ba iyayen yara za su soma tambaya. Yaya uban yarinya zai biya ango, alhali sadaki na amarya ne? Ina gwaggonninta da suka raka ta? Amarya ta kwana biyu ba ci ba barci, ba ta yi yaji ba, waliyyinta bai ji ba, ba a je gaban alƙali ba? Ci da sha da sutura ai su ne farkon abin da ke kan miji. Wanda ya hana su, a wurinmu, ba gwani ba ne, abin kunya ne a unguwa. Kun ga rigar ba ta shige shi ba, sai an farke an sake ɗinki tun daga wuya.

Saboda haka ga shawarata ga malamai mata, da shugabannin ƙungiyoyin mata, da duk wadda aka ɗora wa shirya wasa. Kafin ki aika wa tela, zauna ki yi wa kanki tambaya uku. A zamanin da nake so in kai wasan nan, wa ke riƙe da kuɗi, wace ƙofa ce kuma a buɗe ga wanda aka zalunta? Akwai wani abu na wannan zamani, waya ko mota ko kotu, da zai warware rikicin tun a fitowa ta fari? Sa'an nan, in 'yan kallo sun fashe da dariya, wa suke yi wa? In amsar ta ukun ita ce wanda ba shi da ƙarfi, to, ko ki sake labarin, ko ki nuna shi yadda za a ji tausayi, ko ki nemi wani wasa. Ba laifi ba ne a taɓa aikin manya. Shekisfiya kansa yawancin labarunsa na wasu ne ya ɗauko ya gyara don mutanen zamaninsa.

Ke kuma uwa mai kallo, in an tashi kuna hanyar gida, tambayi 'yarki wa ta fi tausaya wa, ki tambayi ɗanki ko zai so a yi wa ƙanwarsa haka. Amsar da suka ba ki ita za ta nuna miki abin da wasan ya koya musu.

Wadda makarantarsu ko ƙungiyarsu ta taɓa sake wa wani tsohon labari riga, ta rubuto mana yadda aka ƙare.